Kimiyya a Gida: Fitilar da ke Jin Magana

A ce kana bitar jarrabawa da dare a Yelwa, haske ya hana ƙanenka barci. Akwai makunnin da za ka ce masa ya rage haske, kuma ya rage nan take.

Abu biyu aka haɗa a cikinsa. Na farko shi ne maragin haske, wanda Joel Spira ya ƙirƙiro a Amurka a 1959. Wutar da tashoshi irin su Kainji ke bayarwa tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa. Maragin yana datse wani yanki na kowane zagaye, sai ƙwan ya dusashe. Na biyu shi ne kunnen: na'ura irin Alexa tana ɗaukar muryarka ta tura ta intanet, a gane me ka ce, sannan umarni ya dawo ga makunnin.

Sai dai idan intanet ta yanke, kunnen ya toshe. Kuma ba kowane ƙwan LED ke karɓar ragi ba, wani sai ya yi ta ƙyaftawa. Babbar matsalar ita ce Alexa ba ta jin Hausa, balle Gunganci ko Kambarcin Ngaski, domin na'ura tana koyon harshe ne daga muryoyin mutane masu ɗimbin yawa. Shirin Common Voice na Mozilla yana tattara muryoyin Hausa. Ku nemi izinin iyaye ku ba da taku.

Gargaɗi: kada ku kwance makunnin gida. Wutar bolt 230 tana kisa, aikin mai gyaran wuta ne. Sai mako mai zuwa.