Ayarin Kekunan Kalifoniya Da Amanar Kuɗin Taimako

A cikin watan Yuni na shekarar 2025 ne aka yi tafiya ta ƙarshe ta wani ayarin masu kekuna da ya shahara ƙwarai a ƙasar Amurka, wanda ake kira AIDS/LifeCycle. Kowace shekara mahaya, waɗanda wani lokaci yawansu yakan wuce dubu biyu, sukan tashi daga birnin San Faransisko su nufi Los Anjalis a Jihar Kalifoniya, tafiyar mil 545, watau kusan kilomita 880, cikin kwana bakwai, domin tara kuɗin taimakon masu fama da ciwon ƙanjamau. Masu shirin sun bayyana cewa daga shekarar 1994 da aka soma irin wannan tafiya zuwa lokacin da aka rufe ta, an tara fiye da dala miliyan 300. Tun da yake aikin ya zo ƙarshe, ya kamata a zauna a dubi abin da ya ɗaukaka shi da abin da ya so ya zubar masa da mutunci, gama akwai darasi a ciki ga duk wanda ya taɓa miƙa hannu ya karɓi kuɗin jama'a da sunan taimakon marasa lafiya.

A shekarar 1981 ne likitoci suka fara ba da rahoton wannan ciwo a jikin wasu samari biyar a Los Anjalis. Kafin a kai 1994 ya riga ya zama ciwon da ya fi kowane kashe Amurkawa masu shekara 25 zuwa 44, ga shi kuwa haɗin magungunan da ke danne ƙwayar cutar bai bazu ba sai a 1996. Majiyyata da yawa sun rasa aikinsu, wasu danginsu sun guje su, ƙungiyoyin sa kai ne suka ɗauki nauyin abincinsu da muhallinsu da jinyarsu. Waɗannan ƙungiyoyi kuwa kullum aljihunsu a bushe yake.

A cikin wannan hali ne wani mutum mai suna Dan Pallotta, wanda tun yana ɗalibi a Jami'ar Harvard ya taɓa shirya tafiyar keke don yaƙi da yunwa, ya kawo dabarar ayarin. A tafiyar farko ta 1994 mahaya ba su kai ɗari biyar ba, amma abin da suka tara ya haura dala miliyan ɗaya. Sirrin abin yana cikin sharaɗin shiga. Ba a yarda mutum ya hau keke ya bi ayari ba sai ya kawo wani adadi da aka ƙayyade, wanda a shekarun ƙarshe na ayarin ya kai dala 3,500. Yawancin mahaya ba su iya fitar da wannan kuɗi daga aljihunsu, saboda haka tilas kowa ya bi dangi da abokai da maƙwabta da abokan aiki yana roƙon gudummawa, yana kuma yi musu bayanin abin da za a yi da ita. Ta haka ƙungiyar da take da ma'aikata ƙalilan ta wayi gari tana da wakilai dubu biyu masu nema mata taimako, kowannensu yana shiga gidajen da wasiƙar ofis ba za ta taɓa shiga ba. Da yayyafi kogi kan cika.

Bayan kuɗi akwai wata riba kuma. A cikin ayarin akwai wata ƙungiya ta mahaya masu ɗauke da ƙwayar cutar, waɗanda sukan kafa ƙaramar tuta mai launin ruwan goro a bayan kekunansu don kowa ya san halin da suke ciki. Mutumin ƙauye da ya tsaya a bakin hanya ya ga mai wannan tuta yana taka keke a kan tudu da ƙarfinsa, da wuya ya ci gaba da ɗaukar cewa mai cutar gawa ce da ba a binne ba. Haka kuma a wajen bikin tafiyar akan turo wani keke wanda babu kowa a kansa, don tunawa da waɗanda ciwon ya kashe. Irin wannan wa'azi da ido yakan yi aikin da takardun faɗakarwa dubu ba za su yi ba.

To, amma fitar da mutum dubu biyu a kan hanya har kwana bakwai ba ƙaramin aiki ba ne, kuma duk wanda ya san labarin fatake ya san cewa wahalar ayari tana kan madugu tun kafin a ɗaura kaya. Sai an yi watanni ana koya wa mahaya juriyar doguwar tafiya. Sai an nemi izni daga hukumomin kowane gari da za a ratsa. A kowane zango sai an tanadi filin kwana da tantuna da ruwan wanka da makewayi da abincin dubban mutane. Ga manyan motoci masu ɗaukar kaya, ga likitoci da ma'aikatan jinya, ga masu gyaran keke, ga motocin da ke bin baya suna kwasar waɗanda suka gaji. Ko da yake ɗaruruwan masu sa kai ne ke yin mafi yawan wannan hidima kyauta, sauran duk da kuɗi ake yinsu, kuma daga cikin abin da aka tara ake cire kuɗin. Nan ne rigima ta taso.

Da aka ga nasarar Kalifoniya, kamfanin Pallotta ya yaɗa irin wannan tafiya zuwa wasu biranen Amurka. A ta 1996 daga Filadelfiya zuwa Washinton, abin da ya isa hannun ƙungiyoyin majiyyata bai kai rubu'in abin da aka tara ba. Babban lauyan gwamnatin Jihar Pensilbaniya ya binciki al'amarin, daga bisani kamfanin ya amince ya biya dala dubu 110 aka kashe maganar. Jaridu suka dinga tambayar inda sauran kuɗin suke tafiya. A 2001 Gidauniyar Ƙanjamau ta San Faransisko da abokiyar aikinta ta Los Anjalis suka raba gari da kamfanin, suka soma shirya tasu tafiyar da kansu a 2002, wadda ita ce AIDS/LifeCycle. A cikin wannan shekara ta 2002 kamfanin ya rufe ƙofarsa, ɗaruruwan ma'aikata suka rasa abin yi.

Adalci ne a saurari ta bakin Pallotta, gama bai yi shiru ba. A littafin da ya wallafa a 2008 da kuma wani jawabinsa da ya zaga duniya a 2013, ya ce tafiye-tafiyensa sun bar wa ayyukan ƙanjamau dala miliyan 108 cikin shekara tara bayan an cire dukkan ɗawainiya, kuma a ganinsa kuskure ne a auna aikin taimako da ƙarancin abin da aka kashe wajen gudanar da shi. Babu shakka akwai gaskiya a nan. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma ƙungiyar da ta kashe miliyan huɗu ta kai wa majiyyata miliyan shida ta fi amfani gare su bisa ga wadda ba ta kashe kome ba ta kai musu dubu hamsin. Amma ni a ganina wannan hujja ba ta taɓa ainihin ƙorafin ba. Tsohuwar da ta ba jikanta dala ashirin saboda zai hau keke don marasa lafiya, ta bayar ne tana zaton galibin kuɗinta zai isa gare su. In har kashi biyu ko uku ne kaɗai cikin goma za su isa, haƙƙinta ne a gaya mata tun kafin ta buɗe jakarta, sa'an nan ta zaɓa ko ta bayar ko ta fasa. Ɓoye mata wannan lissafi shi ne cin amana, ko da kuwa ba a saci ko anini ba.

Akwai kuma wani lissafi da ya wajaba mai shirya irin wannan aiki ya sani. Yawancin ɗawainiyar tafiya a tsaye take, ko mahaya sun yi yawa ko sun yi kaɗan, domin hayar fili da motoci da tsaron hanya da albashin ma'aikata ba su raguwa don mutane sun ƙi fitowa. Idan aka yi tanadin mutum dubu biyu sai dubu ɗaya suka zo, rabon majiyyata ne yake zaftarewa. Wannan ne ya kawo ƙarshen ayarin Kalifoniya. Annobar korona ta hana fita a 2020 da 2021. A 2022 aka dawo da ƙarfi har aka tara dala miliyan 17.8, abin da ba a taɓa samu ba. Daga nan sai tsadar kaya ta yi ta hauhawa, mahaya kuma suna raguwa, har a watan Satumba na 2024 ƙungiyoyin biyu suka ba da sanarwar cewa tafiyar 2025 ce ta ƙarshe. Sun cancanci yabo a kan wannan, don da muguwar rawa gara ƙin tashi. Sun gwammace su rufe aikin da suke alfahari da shi da su bar shi ya riƙa cinye abin da aka bayar don wasu.

Mai karatu yana iya tambayar abin da ya haɗa mu da wannan labari na ƙetaren teku. Binciken ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.9 ne ke ɗauke da ƙwayar cutar. Shekara da shekaru mafi yawan kuɗin maganinsu daga waje yake zuwa, musamman daga shirin PEPFAR da gwamnatin Amurka ta kafa a 2003. A watan Janairu na 2025 sabuwar gwamnatin ƙasar ta ba da umurnin dakatar da taimakon ƙasashen waje don sake nazari, hankalin majiyyata da ma'aikatan lafiya ya tashi, har Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince da naira biliyan 4.8 don sayen magani. Wannan ya isa ya tuna mana cewa mai kwana a tabarmar aro yana iya tashi a ƙasa. Kuɗin unguwa ba zai sayi maganin mutum miliyan biyu ba, wannan nauyin gwamnati ne. Amma kuɗin mota zuwa asibiti, da abincin da magani ke bukata, da kuɗin makarantar marayu, da ɗan jarin bazawarar da mijinta ya rasu, duk abubuwa ne da jama'ar gari za su iya ɗauka in sun ga dama.

Abin baƙin ciki shi ne yadda muka saba tara kuɗin taimako. A kama zaure, a gayyato manya, a yi ta shelar alkawuran miliyoyi ana tafi, a watse. Bayan wata shida babu wanda zai iya faɗin nawa aka karɓa, nawa aka kashe a kan kujeru da lemo da masu sanarwa, nawa ya rage. Shi ya sa mutane da dama suka daina bayarwa, alhali kuwa ba rowa ce ta hana su ba.

Saboda haka idan wata ƙungiyar ɗalibai ko ta ma'aikata ta yi sha'awar gwada tafiyar keke, misali a ranar 1 ga Disamba da duniya ta keɓe don wannan ciwo tun 1988, lokacin da sanyin hunturu ke sauƙaƙa tafiya, ga abubuwan da tarihin Kalifoniya ya koyar. Na farko, a san wanda za a ba kuɗin tun kafin a karɓi ko kwabo, ko sashen wani asibiti ne ko ƙungiyar masu ɗauke da cutar da ke garin, a kuma sa wakilansu cikin kwamitin shiri, don su suka san inda ke yi musu ƙaiƙayi. Na biyu, a fara da kaɗan. Zagayen yini ɗaya a cikin gari ba ya bukatar tanti ko babbar mota, ya kuma fi aminci bisa ga fita manyan hanyoyi. Na uku, a roƙi 'yan kasuwa su ɗauki nauyin ruwa da abinci da riguna, a nemi Hukumar Kiyaye Haɗurra da 'yan agaji su tsare hanya, domin abin da mahaya suka tara ya tafi inda aka nufa. Na huɗu, a ba kowane mahayi littafin rasiɗi mai lamba, a zuba kuɗi a asusun banki wanda sai mutum biyu ko uku sun sa hannu kafin a cire, a kuma rubuta a jikin takardar roƙo iyakar kason da za a kashe wajen shiri. Na biyar, kada a tilasta wa kowa bayyana halin lafiyarsa, kada kuma a ɗauki hoton majiyyaci don jawo tausayi ba da yardarsa ba. Dokar hana nuna wa masu cutar bambanci ta 2014 ta kāre sirrinsu.

Na ƙarshe kuma mafi muhimmanci, kafin wata guda ya cika bayan tafiya, a buga cikakken lissafi a liƙa inda kowa zai gani: abin da ya shigo, abin da aka kashe, abin da aka miƙa, da sa hannun wanda ya karɓa. Ma'aikatan gwamnati da suka ƙware a kan ajiye littattafan kuɗi su ne suka fi dacewa da wannan ɓangare, ɗalibai kuwa suna da ƙafafu da lokaci da abokai. Wanda ya ba da naira ɗari biyar bana ya ga inda ta shiga, baɗi da kansa zai nemi mai littafin rasiɗi, watakila ma ya zo da maƙwabcinsa.