Taurarin Fada

Waɗansu mutane suna cewa wai mawaƙin da sarki ya ɗaukaka shi ne gwani, sunansa ba ya ɓacewa. Wannan magana ba ta da tushe.

A birnin Iskandariyya ta Masar, zamanin Sarki Tolemi na Biyu, wanda ya rasu shekara 246 kafin haihuwar Annabi Isa, an yi waɗansu mawaƙa bakwai, Yunanawa, masu tsara wasannin kwaikwayo na ban tausayi, irin su Likofuron da Filiskus. Don girmamawa aka laƙaba musu sunan taurarin nan da mu ke kira Kaza da 'Ya'yanta. To, ina wasanninsu yau? Ko ɗaya bai iso mu cikakke ba, sai guntaye. Har masana sun saɓa a kan ko su wane ne cikon bakwai ɗin.

Amma Sofokilis na Atina, wanda ya riga su da fiye da shekara ɗari, wasanninsa bakwai suna nan, domin almajirai sun yi ta karanta su, marubuta suna juya su da hannu.

Ashe mai karatu ke raya littafi, kyautar fada kuwa tare da mai ba da ita ta kan ƙare. Jama'a, ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.