Ƙasarmu na bin ruwa, muna kallo

Duk wanda ya tsaya a bakin Kubanni bayan ruwan Agusta zai ga ruwan ya yi ja wur. Wannan jan da muke gani ƙasar gonakin iyayenmu ce ta kama hanyar Galma, kuma ba za ta dawo ba.

Kakana ya ce a zamaninsu, in gona ta gaji sai a bar ta saura, a je a yi sassabe a wani wuri har ta huta. Dabara ce mai kyau lokacin da daji ke da yawa. Yau ina dajin? Gidaje sun ci filaye, gonar gado an raba ta gida biyar. Gona ɗaya ake nomawa kowace damina, a kwashe kara, a cinna wa sauran wuta. Ruwan farko sai ya tarar da ƙasa tsirara, musamman a gangare irin na gindin Kufena.

A ganina, tunda ba halin ƙaura, dole mu koyi riƙe wadda muke da ita. Mutanen Sukur a Adamawa sun daɗe suna noma a kan duwatsu, suna jera dutse hawa-hawa don tare ƙasa. A Maradi, tun shekarun 1980, manoma ke barin kututture ya tofo maimakon a tumɓuke shi. Mu ma za mu iya. A ja kunya a gicciye, kada ta bi gangare. Inda aka sa masara bana, baɗi a sa wake ko gyaɗa. A bar gawo, domin da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana.

Wani zai ce ana bukatar kara don danga da abincin dabbobi. Gaskiya ne. To, a bar wani abu a gona, a kuma mayar mata da takin dabbobin.

Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru tana nan tun 1922, kuɗin mota kaɗan ne daga Jushi. Muna roƙon malamanmu na aikin gona su kai mu, sannan mu gwada a gonar makaranta: kunya a gicciye a gefe ɗaya, mai bin gangare a ɗaya gefen. Bayan damina kowa ya zo ya gane wa idonsa.

Daga wakilin ƙungiyar 'yan jarida, aji biyar