DUKA BA BINCIKE BA NE

Ran 10 ga Disamba, 1984, Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da yarjejeniyar hana azabtar da mutane, wadda ta fara aiki ran 26 ga Yuni, 1987. Jamhuriyar Nijar ta shiga cikinta a 1998, Nijeriya kuma a 2001.

Wannan hani bai bar wa kowa kafar tsira ba. Sashe na 2 ya bayyana cewa yaƙi ko dokar ta-ɓaci ba hujja ba ne, umurnin na gaba kuma ba ya wanke na ƙasa. Sashe na 15 ya hana kotu karɓar maganar da aka tatsa da azaba. Hikimar a fili take: mutumin da ya sha wuya yakan amsa laifin da bai yi ba, alhali mai laifin na can yana yawo a gari.

Wanda ke ganin wannan magana ce ta takarda kawai, to, ya tuna da Hissene Habre, wanda ya mulki Chadi daga 1982 zuwa 1990, sa'an nan ya gudu Senegal. A 2012 Kotun Duniya ta umurci Senegal ta yi masa shari'a ko ta miƙa shi. A 2016 wata kotu ta musamman a Dakar ta same shi da laifuffuka, har da azabtarwa, ta ɗaure shi rai da rai. Lalle komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo.

A Nijeriya ma ba doka aka rasa ba. Sashe na 34 na Tsarin Mulkin 1999 ya haramta azabtarwa, dokar 2017 kuma ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25. Duk da haka, sai da matasa suka fito tituna a 2020 kafin a rushe rundunar SARS, wadda aka daɗe ana kuka da ita.

Saboda haka ya wajaba alƙalan majistare su riƙa leƙa ɗakunan tsare mutane na 'yan sanda kowane wata, kamar yadda dokar shari'ar laifuffuka ta 2015 ta ɗora musu. A bar tsararre ya ga lauya da likita. Jami'in da aka samu da hannu a gurfanar da shi gaban kotu, kada a tsaya kan sauya masa wurin aiki. Ran da aka ɗaure guda, sauran za su shiga taitayinsu.