Launin Furen Ƙuduji Amana Ne

A daminar da ta wuce na durƙusa bakin wata gonar dawa a Kadawa, yankin Kura da Bunkure da madatsar Tiga ke shayarwa, na ɗauki hoton furen ƙuduji dab da dab. A ido ruwan hoda ne mai sirkin shunayya. Da ya isa wayar wani malamin gona, ya rikiɗe ya koma shuɗi-shuɗi.

Wasu za su ce ai ado ne kawai. Ban yarda ba. Launin fure na cikin abin da ke raba ƙudujin dawa da na wake, kuma waken da ake shukawa don rage na farkon shi ne abincin na biyun. Don haka mai ɗaukar hoto ya ajiye farar takarda kusa da furen, ya guji tsakar rana, kada ya ƙara wa hoton kwalliya kafin ya aika.