Kabad ɗin Littattafai Da Darajar Aikin Hannu

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya 'yan uwa masu neman ilmi, sau da yawa za ka shiga ɗakin ɗalibi ka tarar da littattafan tafsiri da hadisi jibge a ƙasa cikin kwali. Damina na sauka danshi ya kama su, gara ta bi ta ƙarƙashi ta cinye abin da aka shekara ana tara kuɗinsa. Idan ka ce masa ya ɗauki zarto da guduma, sai ya ga kamar ka ƙasƙantar da shi.

Wannan kuskure ne. Imam Muslim ya ruwaito cewa Annabi Zakariyya (AS) kafinta ne, Bukhari kuma ya kawo cewa Annabi Dawud (AS) daga aikin hannunsa yake ci. Mimbarin Manzon Allah (SAW) ma wani kafinta ne ya yi shi a Madina.

Shawarata ita ce kowane ɗalibi ya haɗa ƙaramin kabad na katako, ya ɗaura masa tayoyi 4, biyu daga ciki masu birki. Tayoyin za su ɗaga shi daga danshi, su kuma ba ka damar janye shi ka share bayansa, domin gara a inda ba a motsawa take gini. Manyan mujalladai irin su Lisanul Arab a ajiye su a ƙasa don kada ya kife, Alƙur'ani kuwa a sama da kowane littafi.

Littafi amana ne. Allah Ya ba mu ikon kiyaye ta, amin.