Malami Ya Yi Shuka, Wa Zai Yi Noma?

'Yan'uwa manoma, cikin yawon da nake yi ƙauye ƙauye ina duba gonaki, na ga abin da ya dame ni fiye da wuta-wuta a gonar dawa. Kwanan baya na miƙa wa wani yaro ɗan aji biyar takardar da muka rubuta da Hausa a kan adana wake. Ya karanta da ƙyar, yana gumi. Da ya gama na ce, "To, me ta ce?" Sai ya sunkuyar da kai. Yaron nan ba daƙiƙi ba ne. A gidansu babu littafi sai Littafi Mai Tsarki da na waƙoƙi, su ma suna cikin akwati sai ran Lahadi.

Tun 1976 da aka soma shirin UPE, makarantar firamare ta matso kusa da mu. Amma da yawanmu mun ɗauka in mun sayi rigar makaranta, aikinmu ya ƙare. Ba haka ba ne. Malami shuka yake yi. Wane ne cikinmu zai shuka gero ya tafi abinsa, ba noman fari, ba maimai, sa'an nan ya zo neman dami da kaka? Yaro ba ya ƙwarewa da karatun allon aji kaɗai. Sai ya sami labarin da ya kama shi, har a kira shi cin tuwo ya ce yana zuwa.

Irin waɗannan littattafai kuwa muna da su cikin harshen da yaranmu ke ji. Akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934. Akwai Magana Jari Ce, littafi uku, inda aku ke ba da labari. Akwai Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Yaron da ke son tatsuniya ba zai ƙi su ba.

Wani zai ce littafi da tsada. Gaskiya ne, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yadda muke haɗa kuɗi mu sayi taki, haka za mu yi. Kowane ɗan ƙungiya ya kawo mudu ɗaya na hatsi da kaka, a sayar, a sayo littattafai, a sa cikin akwatin ƙarfe saboda gara. A naɗa mutum ɗaya mai aminci ya riƙa ba yara aro mako mako, yana rubuta sunaye.

Wani kuma zai ce, "Ni ban yi makaranta ba." Ai kunne gare ka. Bayan tuwon dare a kunna fitila, yaro ya karanta, kai ka saurara, ka tambaye shi abin da yake tsammani zai faru gaba. A bar shi ya zaɓi littafin da yake so. In ya yi tuntuɓe kada a yi masa dariya, kada a ɗauko bulala. Kada kuma a bar 'yan mata a bakin murhu, maza kaɗai na karatu.

Yaran nan su ne za su riƙe littafin kuɗin ƙungiyarmu gobe, su karanta takardar bashi kafin a dangwala hannu. Ina roƙonku, a taronku na wata mai zuwa ku sa maganar akwatin littattafai a gaba.